Yadda Ake Tsara Shirin Bunƙasa Makaranta da Taimakon Ƙwararru

Shirin bunƙasa makaranta rubutaccen tsari ne da ke bayyana halin da makaranta take ciki, da inda take son kaiwa, da wanda zai ɗauki kowane aiki. Makarantun firamare da dama a Kano da Jigawa da Kaduna sun san shi ta hanyar ESSPIN, shirin da gwamnatin Birtaniya ta fara ɗaukar nauyinsa a 2008.

Da bincike ake farawa. Ƙwararren da aka gayyato yakan zaga azuzuwa tare da hedimasta, ya duba rajista, ya ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa, ya lura da 'yan matan da talla ke hana su zuwa aji ranar kasuwa. Daga nan sai a zauna da kwamitin gudanar da makaranta, inda iyaye da mai unguwa ke da bakin magana. A zaɓi matsaloli biyu ko uku, a yanka wa kowacce kuɗi da wa'adi.

Shirin da baƙo ya rubuta shi kaɗai yakan ƙare a durowar hedimasta. Ƙwararre nagari shi ne wanda bayan tafiyarsa malamai za su iya tsara na baɗi da kansu.