Tsakanin Fuska da Takarda a Taron Bidiyo

Ranar 13 ga Mayu, 2020, Majalisar Zartarwa ta Tarayyar Najeriya ta yi zamanta na farko ta bidiyo. Shugaba Muhammadu Buhari yana zauren majalisar da ministoci kaɗan, sauran kuma kowa yana ofishinsa yana kallon allo. Annobar korona ce ta tilasta hakan, kuma ba a Abuja kaɗai ba. Kamfanin Zoom ya ce masu halartar taro a manhajarsa a kowace rana ba su wuce miliyan 10 ba a Disambar 2019, amma zuwa Afrilun 2020 sun kai miliyan 300. Annoba ta tafi, taron bidiyo ya zauna daram. Yanzu da shi ake kare kundin digiri, da shi ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ke sauraron rahoton ma'aji, da shi 'yan uwa na Jidda da Landan da Damagaram ke shirya biki.

Koke-koken kuwa ba sa canjawa. "Malam, hotonka ya daskare." "Muryarka na yankewa." "Ba ma ganin rubutun." Sai kowa ya ɗora wa netwok laifi, a ci gaba a haka. Sau da yawa laifin nasa ne, ba musu. Sai dai taron mutum goma sha biyar ba kiran bidiyo ba ne da aka ƙara wa kai. Abubuwa uku ne suke rububin hanya ɗaya mai ƙunci: murya, fuskoki, da takardar da ake nunawa. Bukatun ukun sun saɓa, kuma yawancin tarukan da suke lalacewa, an ba fuska hanyar da ya kamata a ba murya da takarda ne.

Sai an san girman kayan kafin a gane ƙuncin hanyar. Hoton da ake kira 720p ɗigo 1280 ne a kwance, 720 a tsaye, wato ɗigo 921,600 a hoto guda. Domin ido ya ga motsi ba tangarɗa, kamara takan ɗauki irin wannan hoton har 30 a daƙiƙa. In za a aika shi ɗanye, sai an sami layin da ke ɗaukar kimanin megabit 330 a daƙiƙa. Abin da ake aikawa a zahiri bai fi megabit 1 zuwa 2 ba. Fiye da kashi 99 cikin 100 ba ya barin wayarka ko kwamfutarka.

Dabarar ita ce a daina maimaita abin da bai canja ba. Manhajar matse hoto takan aika cikakken hoto sau ɗaya, daga nan sai ta riƙa aika bambanci kawai: leɓe ya motsa, kai ya karkata, bango yana nan yadda yake. Tunanin kiran bidiyo ya daɗe. Kamfanin AT&T ya nuna wayar hoto a baje kolin duniya na birnin New York a 1964, amma tsada ta hana ta karɓuwa. Sai da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fito da ma'aunin H.261 a ƙarshen shekarun 1980 aka samu hanyar matsa hoto ya bi layin tarho na dijital, shi ma a ɗigo 352 sau 288. H.264 ya biyo baya a 2003, kuma har gobe yana cikin waɗanda aka fi amfani da su, tare da VP8 da VP9 na Google da AV1 da ya fito a 2018.

Wanda ya gane wannan ya gane abubuwa da dama da ke ba mutane mamaki. In wani guntun saƙo ya ɓata a hanya, bambancin da ke biye ba shi da tushen da zai hau, shi ya sa fuska ke narkewa ta koma murabba'i-murabba'i har sai an sake aiko cikakken hoto, sai ka ga ta washe farat ɗaya. Fankar sama da ke juyawa a bayanka, ko labulen da iska ke kaɗawa, duk canji ne a wurin manhaja, kuma daga rabon fuskarka take ciro abin da za ta kashe musu. Ɗaki mai duhu ya fi muni. Kamara in ta rasa haske sai ta cika hoton da ƙananan tsaki masu rawa, manhaja kuwa ba ta san tsaki daga gashin gemu ba, duka za ta yi ƙoƙarin aikawa. Mutum ya juya kujerarsa ya fuskanci taga maimakon ya ba ta baya, yakan fi sayen sabuwar kamara amfani.

Wannan duk tsakanin mutum biyu ne. Da an zama taro sai lissafi ya sauya. In kowa zai aika wa kowa kai tsaye, a taron mutum goma kowace waya za ta tura kwafi tara na hotonta, jimilla hanyoyi casa'in. Batir ba zai jure ba, data ma haka. Don haka ake sa babbar kwamfuta a tsakiya. A tsohon tsari, wanda ake kira MCU, kwamfutar takan karɓi hotunan kowa, ta kwance su, ta jera su a allo guda, ta sake matsewa, sannan ta aika wa kowa hoto ɗaya. Irin na'urorin da Polycom da Tandberg suka riƙa sayar wa bankuna da ma'aikatu ke nan. Tsarin yana sauƙaƙa wa mai karɓa, amma yana da tsada, yana ƙara jinkiri, kuma kowace kwancewa da sake matsewa tana rage wa hoto kyau.

Manhajojin da muke amfani da su yau, irin su Zoom da Google Meet da Microsoft Teams, galibi sun bi wata hanya da ake kira SFU. Kwamfutar tsakiya ba ta haɗa hoto, rarrabawa kawai take yi. Na'urarka ce ke aika hotonka a girma biyu ko uku lokaci guda, kamar mai awo da ya ajiye mudu da rabin mudu da gwangwani, kowane mai saye a auna masa daidai aljihunsa. Mai babban allo da layi mai ƙarfi a ba shi babba, mai waya a ƙauye a ba shi ƙarami. Mai magana a aika hotonsa da girma, masu saurare a aika nasu ƙanana, tunda a ɗan akwati za su bayyana.

A nan ne akwai abin da mutane suka fi jahilta. Wanda hanyar saukewarsa ba ta da ƙarfi, kansa kaɗai ya cutar: zai ga kowa dishi-dishi, amma sauran ba ruwansu. Wanda hanyar aikawarsa ce mai rauni kuwa, kowa a taron zai gan shi a lalace, ko da a Landan suke da layin intanet mai ƙarfi. Ga shi kuma a layin waya hanyar aikawa ta fi ta saukewa ƙunci ƙwarai. Shi ya sa mutum zai rantse cewa sabis ɗinsa lafiya lau, yanzu ya gama kallon bidiyo a YouTube. Gaskiya ya faɗa, sai dai YouTube saukewa ce zalla, kuma yana tara daƙiƙoƙi a gaba kafin ya nuna maka. Taro ba shi da wannan damar, domin abin da za a nuna ba a faɗe shi ba tukuna. Zoom da kansa ya ce a taron jama'a, hoto mai 720p yana son kimanin megabit 2.6 na aikawa da 1.8 na saukewa.

Sai jinkiri, wanda ba a gani amma ya fi dishewar hoto ɓata hira. Shawarar ITU mai lamba G.114 ta ce in magana ta isa kunnen mai sauraro cikin milisakan 150, mutane ba sa lura. In ta haura 400, hira ta fara gagara. Kwamfutar tsakiya sau da yawa tana wata ƙasa, saboda haka maganar mutumin Kano zuwa na Kaduna tana iya bi ta Legas, ta shiga wayar ƙarƙashin teku, ta dawo. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane da yawa suka gane tsawon wannan hanya. Mu da gaisuwarmu ke da tsawo mun fi kowa jin jinkiri a jika: "Ina gajiya?" ta yi karo da "Ina wuni?", kowa ya yi shiru, sannan su sake farawa tare. Manhajojin suna fifita murya, wadda ba ta cin fiye da kilobit 60 zuwa 80, kuma in hanya ta matse, hoto suke fara ragewa. Hukunci ne mai kyau. Ana iya kammala taro ba a ga fuskar kowa ba, amma ba a kammala shi da murya mai tsinkewa.

Nuna takarda kuwa wani fanni ne daban, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A da, in ana son nuna jadawali, sai a cire fuskar mai magana a sa takardar a gurbinta. Polycom da Tandberg kowa ya ƙirƙiro hanyarsa ta aika biyun tare, amma na'urorinsu ba sa jituwa, har ITU ta fitar da ma'aunin H.239 a 2003. Shi ya tsara tasha ta biyu ta musamman don abin da ake nunawa, da kuma ƙa'idar wanda ke riƙe da damar nunawa a kowane lokaci.

Raba su ya zama dole domin bukatunsu kishiyoyi ne. Fuska tana son motsi: hotuna da yawa a daƙiƙa, ko da kowanne bai fito tar ba, ido yana yafewa. Rubutu yana son kaifi: hoto biyar a daƙiƙa ko ƙasa da haka ya wadatar, amma in ɗigon suka cakuɗe, 3 ta koma 8, rahoton ma'aji ya zama rigima. Da yake shafin rubutu ba ya motsi, araha gare shi. A lissafin Zoom, nuna allo kaɗai ba tare da hoton fuska ba yana cin kilobit 50 zuwa 75, kusan daidai da murya. Abin da taro ya fi bukata shi ne mafi sauƙin ɗauka.

Duk da haka ana ɓata shi. Ga ma'aji zaune gaban kwamfuta mai faɗin allo, ya buɗe jadawalin Excel mai ginshiƙi ashirin, ya nuna allon gaba ɗaya. A wurinsa komai ya fito. Kashi biyu bisa uku na mahalarta kuwa da waya suka shigo, allon da bai kai tafin hannu biyu ba. Sai ka ji dattijo yana cewa, "Alhaji, ƙara girman rubutun, ba ma gani," shi kuma yana amsawa, "Ranka ya daɗe, ai a nan ya fito." Netwok ba shi da hannu a wannan. Maganinsa a nuna tagar jadawalin kaɗai, a ɓoye ginshiƙan da ba a magana a kansu, a ƙara girman haruffa. Launi ma yana da tasiri: manhajojin matse hoto suna adana bayanin launi a rubu'in ɗigon da suke adana na haske da duhu, saboda haka siririn jan rubutu a kan shuɗi yakan dame, baƙi a kan fari kuwa ya fito raɗau. Mafi muni shi ne a ɗaga takarda a gaban kamara, domin an tura rubutu ta tashar da aka gina don fuska.

In bidiyo za a nuna, lamarin ya juye. Tashar takarda za ta riƙa tsinka shi yana tafiya da ɗingishi, sai an danna zaɓin da ke gaya wa manhaja cewa abu mai motsi ne, a kuma kunna na tura sauti. A Google Meet, nuna shafin burauza guda ya fi dacewa da wannan.

Nuna allo gaba ɗaya yana da wani haɗarin. Saƙon WhatsApp zai faɗo, sanarwar banki za ta faɗo, kowa yana kallo, wataƙila kuma ana naɗa. Manya ma ba su tsira daga sakaci irin wannan ba: a ƙarshen Maris 2020, Firaministan Birtaniya Boris Johnson ya wallafa hoton zaman majalisar ministocinsa a Twitter, lambar taron tana bayyane a kusurwa. A makon ne ofishin FBI na Boston ya yi gargaɗi kan baƙin da ke kutsawa azuzuwa da taruka suna watsa hotunan batsa ta hanyar nuna allo. Tun daga lokacin kalmar sirri da ɗakin jira suka zama ruwan dare. Mai masaukin taro yana da ikon hana kowa nuna allo sai wanda ya ba izini, kuma a babban taro bai kamata ya bar ƙofar a buɗe ba.

Akwai kuma batun aljihu, wanda masu shirya taro daga ofis mai intanet kyauta kan manta. Megabit ɗaya a daƙiƙa, in ya ɗore awa guda, megabait 450 ke nan. Taron awa biyu da kowa ya kunna kamara yana iya cinye wa mutum fiye da gigabait ɗaya. Shugaban da ya dage sai kowa ya buɗe kamara don a tabbatar yana nan, a ganina haraji ya ɗora wa mafi ƙarancin hali a cikinsu, kuma yana matse hanyar da muryarsa za ta bi ta isa gare su. A buɗe kamara wajen gaisuwa da gabatarwa, mai magana ya bar tasa, sauran su kashe. Wanda layinsa ke rawa yana iya rage ingancin hoton da yake karɓa zuwa 360p, ko ya hana hotunan wasu shigowa gaba ɗaya ya bar murya da takarda.

Takardar da za a tattauna kuma, a tura ta tun kafin zama a matsayin PDF, kowane shafi da lambarsa. Rahoto mai shafi goma na rubutu zalla sau da yawa bai kai megabait ɗaya ba, kuma sau ɗaya za a sauke shi. Wanda sabis ya yanke masa a tsakiyar bayani, in ya dawo ba sai an koma baya dominsa ba. Sakatare ya rubuta masa a akwatin saƙo cewa ana shafi na huɗu, layin kuɗin haya.