Ciwon Taɓin Hankali da Ƙyamar Masu Shi a Ƙasar Haɗejiya

Gabatarwa

A ƙasar Haɗejiya, kamar sauran ƙasar Hausa, da zarar mutum ya fara surutai shi kaɗai ko ya ƙaurace wa jama'a, akan danganta abin da iskoki ko sammu. Daga nan sai a nufi malami don rubutu da tofi da ruƙiyya, wasu kuwa su bi ta wajen boka ko 'yan bori. Asibiti shi ne zangon ƙarshe, bayan ciwo ya yi nisa.

Tushen Ƙyama

Ƙyamar ta fi bayyana wajen aure. Gidan da aka ce "akwai hauka a danginsu" yakan rasa manema, don haka iyaye kan kulle majinyaci a ɗaki su ɓoye maganar. Akwai kuma wata fuska. Ambaliyar Kogin Haɗejiya, irin ta 2018 da 2020 da 2022, ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a yankunan Auyo da Guri da Kiri Kasamma. Manomin da irin wannan asara ta jefa cikin matsananciyar damuwa, barci da abinci suka gagare shi, sau da yawa akan ce masa tawakkalinsa ne ya yi rauni. Sai ya yi shiru, ciwon ya ci gaba da cin sa.

Matsayin Addini

Musulunci ya ɗauki gushewar hankali a matsayin lalura. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa wajabcin salla da azumi, kuma kula da shi nauyi ne a kan waliyyansa. Asibitin da Ahmad bin Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872 yana karɓar irin waɗannan majinyata. Haka nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke tasowa daga jiki. Ashe ke nan ƙyamar daga al'ada ta fito.

Kammalawa

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. A Jihar Jigawa akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, kuma a Janairun 2023 aka sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958. Malamin makaranta da limamin unguwa su ne kan fara lura da canjin hali, saboda haka su ya kamata su ja hankalin iyaye zuwa ga likita da wuri, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.