Tunjeren Da Ya Tsufa A Jiki

'Yan'uwana mata, yau filinmu zai taɓo maganar da ba a son faɗi a tsakar gida, watau tunjere. A Fagge in an ambaci sunansa sai a nuna Sabon Gari da baki, wai ciwon bariki ne. To, ciwo bai san iyakar unguwa ba. Yana shiga gidan aure, ya kama uwargida da amarya waɗanda ko ƙofar gida ba su leƙawa.

Wata 'yar ƙwayar cuta ce ke kawo shi, mai kama da zaren da aka murɗe. Masanan Jamus suka fara ganinta a 1905. Ana ɗaukarta wajen kwanciyar mace da namiji, kuma uwa tana ba ɗan da ke cikinta. Kamar mako 3 bayan an ɗauka, sai ɗan miki ya fito a al'aura ko a baki. Ba ya zafi, kuma yakan warke don kansa. Daga baya ƙuraje su feso, har tafin hannu da na ƙafa, su ma su baje. Nan fa ake ruɗuwa. Mai jiƙo ya ce jiƙonsa ne ya yi aiki, wadda ta sha kafso biyu daga kemis ta ce ta rabu da shi. Alhali kuwa ɓuya ya yi.

Yakan yi shekara 10, ko 20, har 30 bai motsa ba. Ba kowa yake sake tasar wa ba, amma wanda ya tasar wa yakan sha wuya. Wani gyambo zai fito masa a fata ko a ƙashi, ko cikin hanci har karan hancin ya rushe. Wani babbar jijiyar da ke fita daga zuciya za ta kumbura, ya riƙa haki ko bai yi aikin kome ba. Wani kuwa ƙwaƙwalwa da laka zai taɓa. Sai ku ga dattijo mai hankali ya soma mantuwa da faɗa ba dalili, yana tafiya yana dangwasa ƙafa kamar bai san inda ƙasa take ba, gani ko ji yana raguwa. A nan ne akan ce sammu ne ko iskoki, a yi ta hayaƙi, a zargi kishiyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ido ba ya rarrabe wannan, sai awon jini. Ga Asibitin Zana nan kan Titin Faransa, kusa da mu. Ga Asibitin Murtala a Ƙofar Mata, ga kuma na Malam Aminu Kano a hanyar Zariya. In likita ya ga alamar ciwon ya kai ƙwaƙwalwa, yakan ɗebi ɗan ruwa daga ƙashin baya ya auna. Kada wannan ya tsorata ku.

Maganinsa allurar fensilin ce. Tun 1943 aka soma warkar da tunjere da ita a Amurka, har yau kuwa ba a sami wadda ta fi ta ba. Sabon kamu allura ɗaya ta ishe shi. Amma wanda ya tsufa a jiki sai guda 3, ɗaya kowane mako, a ɗuwawu. Tana da zafi, ba ƙarya, shi ya sa wasu ke gudu bayan ta fari. Wadda ta yi tsallake mai tsawo, tilas a koma da ita farko. In kuwa ƙwaƙwalwa ko ido ya taɓu, sai an kwantar da mutum kwana 10 zuwa 14 ana ba shi maganin ta jijiya. Zazzaɓi da ciwon kai sukan zo a ranar allurar fari, su wuce. Wadda fensilin ba ta karɓe ta ba, ta gaya wa likita tun kafin a soma, shi ya san dabara.

Sai dai fa a gane abu guda. Allura tana kashe cutar, ta tsai da ɓarna, amma abin da ya riga ya lalace ba kasafai yake komowa ba. Saboda haka jinya tana nan. A wanke gyambo a ɗaure da tsumma mai tsabta. Mai tangaɗi a ba shi sanda, a bar masa fitila da dare, gama cikin duhu ya fi faɗuwa. Kada a ware masa kwano ko buta, ba ta nan ake ɗauka ba. A kuma riƙa komawa awon jini yadda likita ya ce, har shekara 2.

In an sami ɗaya da shi a gida, maigida da matansa duka su je awo, har da yaran in likita ya nema. Mai ciki ta fi kowa gaggawa, don tunjere yana sa ɓari da haihuwar ɗa ba rai, fensilin kuwa tana tsare jariri tun yana ciki. Ku 'yan makaranta, tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta awon lafiya kafin ɗaurin aure. In ranar ta zo, ku roƙi a haɗa da na tunjere, ku da angon duka.