Kamarar tsaro a gida: a fara da lissafin wuta kafin a sayi na'ura

A ƴan shekarun nan kamarorin tsaro sun fito daga bankuna da ofisoshi sun shiga gidaje da shagunan ƴan kasuwa a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa. Sai dai da yawa daga cikin masu su ba sa sanin ko na'urar tana aiki sai ranar da ɓarawo ya shiga. Ranar ce ake buɗe akwatin ajiya a tarar babu hoton daren, ko hoton ya yi fari fat, ko kuma kwanan watan da ke jikinsa ba daidai ba ne. A ƙasa irin tamu, yankewar wuta da zafi da ƙura sun fi lalacewar ita kanta kamarar hana ta aiki. Saboda haka duk mai son kafa kamara, da lissafin wuta ya kamata ya fara.

Irin kamarorin da ke kasuwa

Iri uku aka fi samu. Na farko su ne waɗanda ake haɗawa da akwatin ajiya mai suna DVR ta igiya mai kauri irin ta eriyar talabijin, kowace kamara kuma tana cin wuta volt 12. Su ne suka fi araha. Na biyu su ne kamarorin IP da ke aiki da akwatin NVR. A yawancinsu igiya ɗaya ce ke ɗauke da hoto da wuta, amma tsawonta bai kamata ya wuce mita 100 ba. Na uku su ne marasa igiya, masu aiki da Wi-Fi ko da katin SIM, waɗanda ke ajiye hoto a ɗan ƙaramin kati a cikinsu. Wasu daga cikinsu suna zuwa da farantin hasken rana da baturi, kuma su ne suka dace da garka, garken dabbobi ko gidan da ake kan ginawa inda layin NIGELEC bai kai ba.

Lissafin wuta

Kowa ya san yadda wuta ke yankewa a watannin Afrilu da Mayu lokacin tsananin zafi, kuma ba a manta da abin da ya faru a watan Agustan 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar bayan takunkumin CEDEAO. Ɓarawo ma ya fi son daren da unguwa ta yi duhu, wato daidai lokacin da kamarar da ba ta da baturi take mace.

Kamara ɗaya tana cin kimanin wat 5 zuwa 10 da dare, idan fitilunta na ganin duhu suka kunnu. Kamara 4 da akwatin ajiyarsu sukan ci wat 40 zuwa 60 gaba ɗaya. Baturi mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1.200 na awa guda, amma idan irin na dalma ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, don kada ya mutu da wuri. Ke nan wat 600 ake da su, waɗanda za su riƙe na'urorin kimanin awa 10. Ƙaramar na'urar riƙe wuta ta kwamfuta, wadda masu gyara ke kira ondilar, an yi ta ne don gajeren lokaci, ba za ta kai kamara asuba ba. Idan gidan yana da farantin hasken rana, a haɗa kamarori da akwatin ajiya da na'urar Wi-Fi duka a kansa. Talabijin ɗin kallon hoton ba ya buƙatar zama a kunne, domin ko yana kashe akwatin yana ci gaba da ɗauka.

Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, tsawa kan bi doguwar igiya ta ƙone akwatin. A sa na'urar kare hauhawar wuta, a kuma tabbata ma'aikacin ya haɗa wayar ƙasa.

Inda ake kafa ta

Tsayin mita 2 da rabi zuwa 3 ya wadatar. Idan ta yi ƙasa hannu zai kai gare ta, idan ta yi sama sosai hula da rawani kawai za ta riƙa ɗauka, ba fuska ba. Wuraren da suka fi muhimmanci su ne ƙofar gida, zaure, wurin ajiye mota ko babur, da ɓangaren katangar da ya fi sauƙin haurawa. Kada a fuskantar da ita gabas ko yamma kai tsaye, don rana za ta mayar da duk wanda ya wuce baƙar inuwa. Kamarar waje ta kasance mai alamar IP66 ko IP67, wato wadda ƙura da ruwan sama ba sa shiga cikinta, kuma a sa ta ƙarƙashin inuwar rufi.

Shi akwatin ajiya ba a ɗora shi a falo kusa da talabijin, domin ɓarawon da ya san aiki da shi zai fara tafiya. A ɓoye shi a ɗaki mai kulle inda iska ke shiga. Zafi na kashe faifan ajiya, don haka kada a rufe shi cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano.

Kwana nawa hoto ke zama?

Kamara mai megafiksel 2 da ke ɗauka dare da rana kan cinye kusan giga 20 a kwana. Kamara 4 ke nan za su cika faifai mai tera 1 cikin kwana 11 ko 12, daga nan sabon hoto ya fara goge tsoho. Idan aka zaɓi tsarin H.265 a maimakon H.264, ko aka saita ta ta ɗauka sai in ta ga motsi, kwanakin za su ƙaru sosai. Wanda aka yi wa sata ya kwafe hoton a kan kile tun ranar, kada ya jira.

Matsalolin da aka fi gani da maganinsu

Hoto yana nan da rana amma ya ɓace da dare: kusan kullum wuta ce ba ta isa. Fitilun dare suna ƙara cin wuta, idan igiyar ta yi tsawo ko siriri sai volt 12 ɗin ya ragu kafin ya kai. A canza cajar ko a matso da ita kusa da kamarar.

Hoton dare ya yi fari kamar hazo: ko ƙurar hunturu ce ta rufe gilashin, ko yanar gizo-gizo, ko kuma kamarar ta yi kusa da bango har haskenta yana dawowa cikin idonta. A goge da tsumma mai laushi, a ɗan karkatar da ita daga bangon.

Allo ya yi baƙi a kamara ɗaya: a cire igiyarta a sa a ramin wata mai aiki. Idan hoto ya fito, ramin akwatin ne ya lalace. Idan bai fito ba, a duba caja da mahaɗin igiya, waɗanda ke yin tsatsa bayan damina.

Ana ganin hoto kai tsaye amma babu na jiya: faifan ajiya ya mutu, ko ba a taɓa shirya shi ba tun da aka sa shi. Yawancin akwatuna kan yi ƙara idan haka ta faru, mutane kuma sai su kashe ƙarar su manta.

Kwanan wata yana komawa baya duk sa'ad da wuta ta yanke: ɗan baturin agogo ne da ke cikin akwatin, mai kama da kwabo, ya ƙare. A canza shi, a saita agogon kan GMT+1. Hoton da sa'arsa ba daidai ba ce yana rage ƙarfin shaida a gaban ƴan sanda ko jandarmomi.

Ba a ganin hoto a salula: a duba ko forfen intanet na gidan ya ƙare. Yawancin ƙananan kamarori kuma da Wi-Fi mai gigahaz 2,4 kaɗai suke aiki, ba sa kama mai 5. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe ma suna raunana shi.

Kalmar sirri da haƙƙin maƙwabta

A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, ciki har da kamarori da akwatunan DVR, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Da zarar an gama kafawa, mai gida ya canza kalmar sirri da hannunsa, kuma manhajar salula, ko Hik-Connect ce ta Hikvision ko DMSS ta Dahua, a buɗe ta da lambarsa, ba da ta ma'aikacin ba. In ba haka ba, wani na iya kallon tsakar gidanka da iyalinka daga nesa ba ka sani ba.

Haka kuma kamara ba ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, ba ta kallon makewayi ko ɗakin kwana, kuma ƴan aiki da mai gadi su san da ita. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, hukumar HAPDP ce ke sa ido a kai. Dokar 2019 kan laifukan intanet kuma tana hukunta ɓata suna ta kafofin zamani. Wanda kamararsa ta ɗauki wanda yake zargi, ofishin ƴan sanda ko na jandarma zai kai hoton, kada ya watsa shi a WhatsApp ko Facebook.

A ƙarshe, a ware rana ɗaya a kowane mako a buɗe hoton daren jiya, a duba sa'a, a goge gilashi. Sau ɗaya a wata kuma a kashe wutar gidan da gangan da dare, a ga ko kamarorin sun ci gaba da ɗauka.