Facin salula ma da lamba yake tafiya

Ƴan kasuwa maza da mata, daga Droum har kasuwar Dole ta Damagaram, yau salula ta zama aljihu. Da ita ake aika kuɗi, a cikinta ake ajiye sunayen masu bashi. To amma mutum nawa suka san ita ma faci ake yi mata kamar tayar keke?

Abin da ke tafiyar da waya dogon rubutu ne na umarni, kuma ba ya rasa ɓaraka. In an gano wata, ba a sake rubutun duka, ɗan gyara ake aikowa a liƙa a wurin. Tun 1985 wani Ba'amurke, Larry Wall, ya fito da manhajar da ke wannan liƙi.

Sau da yawa faci kan hau kan faci. In aka soma da na biyu kafin na farko, ba zai samu wurin kamawa ba, sai aiki ya tsaya. Shi ya sa ake sa wa kowane faci lamba a farkon sunansa, sannan ɗan bayanin abin da ya gyara. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, tana jera su 0001, 0002, 0003. Sifilin nan ba ado ba ne. Kwamfuta alamar farko take dubawa, in babu su sai ta sa 10 a gaban 2.

To ina ruwan ɗan kasuwa? Tun 2015 kamfanin Google yake fitar da facin tsaro na Android, kuma sunan kowanne kwanan wata ne: shekara, wata, sannan rana, kamar 2024-03-05. Wayarki tana nuna ranar facin ƙarshe da ta samu, a cikin Paramètres, wajen bayanin waya. In ranar ta yi shekara biyu ko uku, ɓarakar da aka gano bayanta tana nan a buɗe, ɓarayin intanet kuwa sun san da ita.

Don haka kafin ku ƙirga kuɗin salula, musamman ta hannu, ku sa mai sayarwa ya nuna muku wannan rana. In waya ta nemi sabuntawa, a bar ta ta gama, kada a kashe ta. Allah ya ba da kasuwa.