Kafin a yi lissafi, a fara tsince alƙaluma

Duk ƙasar da ke neman rance ta san cewa alƙaluma ne ke yanke mata hukunci. Amma wa ke bincikar alƙaluman su kansu?

A shekarar 2010 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da wani nazari da ya yi amo a duniya. Sun duba ƙasashe 20 masu arziki daga 1946 zuwa 2009, suka ce idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, to tattalin arzikinta kan ja baya da kashi 0.1 cikin 100. Manyan ƴan siyasa a Turai da Amurka suka riƙe wannan a matsayin hujjar tsuke bakin aljihu, wato rage abin da gwamnati ke kashe wa jama'a.

A 2013 wani ɗalibin Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya yi ta maimaita lissafin bai samu amsa iri ɗaya ba. Da ya karɓi ainihin jadawalin Excel daga hannun masanan, sai ya bi shi layi-layi. Ashe wajen fitar da matsakaici an tsallake ƙasashe biyar: Ostiraliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Danmak. Haka kuma shekara ɗaya tak ta ƙasar Niyu Zilan, 1951, an ba ta nauyi daidai da shekaru 19 na Birtaniya. Bayan gyara, sai ja bayan ya koma ci gaba na kashi 2.2 cikin 100. Masanan sun amsa kuskuren jadawalin, amma sun tsaya a kan cewa bashi mai yawa yana tafiya da raguwar ci gaba.

Abin da ɗalibin ya yi shi ne matakin farko da ake koya wa ma'aikatan ƙididdiga. Kafin lissafi, ana ƙirga layuka a ga ko sun cika. Ana neman guraben da ba a cike ba. Ana duba adadi mafi girma da mafi ƙanƙanta, domin wasu takardun tambayoyi kan sa 99 a madadin “ba a sani ba”, kwamfuta kuwa za ta ɗauke shi shekarun mutum. Sannan a zana bayanan, domin gani ya kori ji.

Masu ƙidayar jama'a a yankinmu sun san irin wannan. Inda takardar haihuwa ta yi ƙaranci, mutane kan ce shekarunsu 30 ko 40 ko 45, sai adadi ya taru a kan lambobin da ke ƙarewa da 0 da 5. Wanda bai lura ba, da karkataccen adadi zai tsara makarantu da asibitoci.

Mai dafa shinkafa ba ta zubawa a tukunya sai ta tsince tsakuwa. Ya kamata hukumomi da ƴan majalisa su riƙa neman ganin ainihin jadawali kafin su amince da sakamako.