Opel a Rikicin 2009: Reshen Kamfani Tsakanin Gida Biyu

Reshen da babban kamfani ya mallaka a wata ƙasa yana da asali biyu. A takarda na uwar kamfanin ne, a idon ma'aikata da masu saye kuwa ɗan ƙasa ne. Muddin kasuwa na garawa babu mai tayar da maganar, sai ranar da tattalin arziki ya karye ne ake tilasta wa reshen ya zaɓi asalin da zai sa a gaba.

Kamfanin motoci na Opel ya shiga wannan hali. Adam Opel ne ya kafa shi a Rüsselsheim ta Jamus a 1862, yana ƙera keken ɗinki. General Motors na Amurka ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a 1929, ya mallake shi baki ɗaya a 1931. Duk da haka Jamusawa sun ci gaba da ɗaukar motar a matsayin tasu.

Da rikicin kuɗi na 2008 ya durƙusar da General Motors, sai Opel ya rungumi Jamusancinsa. Ma'aikata suka fito zanga-zanga suna neman a raba su da Detroit, mazaunin General Motors, shugabannin reshen kuma suka gabatar da shi a matsayin kamfanin Turai mai iya tsayawa da ƙafarsa. Dalilin a fili yake: gwamnatin Jamus ba za ta zuba kuɗin masu biyan haraji inda ake fargabar za su tsallaka zuwa Amurka ba, balle ga zaɓe na tafe a watan Satumbar 2009. Shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta ziyarci masana'antar Rüsselsheim a watan Maris. A ƙarshen Mayu aka amince da rancen wucin gadi na Yuro biliyan 1.5, aka damƙa kashi 65 na reshen a hannun amintattu, dab da General Motors ya shigar da takardun fatarar kuɗi ranar 1 ga Yuni.

Sai dai ikon yanke hukunci bai bar Detroit ba, haka ma haƙƙin mallakar fasahar da injiniyoyin Rüsselsheim suka sha wahala a kanta. An daidaita cewa Magna na Kanada da bankin Sberbank na Rasha za su sayi kashi 55, amma a watan Nuwamba General Motors, wanda gwamnatin Amurka ta ceto, ya fasa cinikin, ya mayar da rancen Jamus. Ma'aikatan da suka yarda a rage musu albashi don cinikin ya tabbata sun cancanci a saurare su kafin wannan mataki, ba a kuma yi haka ba.

An rufe masana'antar Opel ta Antwerp a 2010, ta Bochum ta daina ƙera motoci a 2014. A 2017 General Motors ya sayar da Opel da Vauxhall na Birtaniya ga PSA na Faransa, mai ƙera Peugeot a lokacin.